Allon talla a bakin shago: wa ke da hurumin karɓar kuɗinsa?

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Ƙonni zuwa Illela, ko ta Ɗan Issa zuwa Jibiya, zai ga alluna sun yi layi a bakin titi kamar masu jiran mota. Wannan na mai canji ne, wancan na mai gyaran salula, ga na mai siminti, ga na mai maganin gargajiya da aka zana wa hoton mutum riƙe da ciki. Da yawa daga cikin ƴan uwanmu ƴan kasuwa suna ɗauka cewa tunda shago nasu ne, kuma su suka biya mai fenti, to magana ta ƙare. Sai ranar da ma'aikatan magajin gari suka tsaya da ƙunshin rasit, ko aka ɗora allon a bayan mota aka tafi da shi, sannan ake sanin akwai doka a kai.

Wannan ƙorafi muna yawan jin sa daga masu saurare a gidan rediyo, musamman a farkon shekara, lokacin da ake fitowa karɓar haraji. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje maganar a faifai, ɓangaren Nijar da na Najeriya, tunda mafi yawan masu karanta mu ƙafa ɗaya tana nan, ɗaya tana can.

A Nijar, tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yulin 2004, wanda ya kafa majalisu a ƙananan hukumomi 265, aka bar wa ma'aikatun magajin gari wasu kuɗaɗen shiga domin su riƙe kansu. A cikinsu akwai kuɗin rumfar kasuwa, da na tasha, da na cinikin dabbobi, da kuma harajin tallan da ake yi a waje, wato duk tallan da mai wucewa a hanya zai gani ko ya ji. Wannan haraji dabam yake da patanti. Mutum yana iya biyan patantinsa cif, a kuma zo masa da maganar allo, ba tare da an zalunce shi ba. A nan ne rigima ta fi tashi, domin ɗan kasuwa gani yake an tatse shi sau biyu a kan shago guda.

Lissafin kuwa bisa girma ake yin sa. Ana auna tsawo da faɗi, a fitar da murabba'in mita. Hatta lasifikar da mai magani ke ɗaurawa a kan mota ran kasuwa talla ce a idon doka. Saboda haka wanda ya sa aka yi masa ƙaton allo don ya rufe na maƙwabcinsa, ya sani shi ya ƙara wa kansa kuɗi.

A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa jami'an riƙo. Mun ji wasu na cewa tunda babu kansiloli ai babu haraji. Ba haka ba ne. Shugabanni aka canza, ma'aikatar da asusunta suna nan. Abin da ya ragu shi ne kansilan unguwa da mutum kan tare bayan sallar la'asar ya kai masa kuka. Yanzu sai dai a bi ta hannun sarkin kasuwa ko shugabannin ƙungiyar ƴan kasuwa.

Idan aka tsallaka Najeriya, a takarda maganar a fili take. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar, kuma kula da tallan waje da alluna yana ciki. Dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ita ma ta sa kuɗin izinin allo a rabon ƙaramar hukuma. To amma a 2006 jihar Legas ta kafa hukumarta ta alluna da talla, wasu jihohi suka bi sahu, har aka wayi gari a wurare da dama jiha na karɓa, ƙaramar hukuma na cewa haƙƙinta ne. A Abuja ma an sha takaddama tsakanin hukumar birnin da ƙananan hukumominta a kan haka. Idan manya na jayayya, wanda ke tsaye a bakin shago shi ke biya, wani lokaci ma sau biyu.

Wanda ya fi ci wa masu ɗaukar kaya tuwo a ƙwarya shi ne abin da ake kira tallan tafi-da-gidanka. Idan an rubuta sunan kamfani ko na kaya a jikin mota, a Najeriya ana ɗaukar ta allo mai tafiya, a nemi takardar izini. Direban da ya taso daga Damagaram zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ko ya zarce Kano, yana ratsa ƙananan hukumomi da dama, kuma akan samu masu tsare hanya da ke cewa takardar waccan ba ta aiki a wannan. Alhali ita dokar 1998 ɗin ta hana kafa shinge a hanya domin karɓar haraji. A ganinmu, mai motar da ba ya neman ciniki da rubutun jikin motarsa, gara ya bar shi a kan addu'a ko karin magana irin wanda direbobi suka saba, ya huta da tsayawa.

Akwai kuma allunan da ba na mai shago ba. Kamfanonin waya da na aika kuɗi da na kayan abinci sukan zo su shafe bango da launinsu, ko su kafa allo mai ɗauke da tambarinsu, su ƙara sunan mai shago a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Mai shago ya yi murna ya samu fenti kyauta. Sai dai mai karɓar haraji bai san ofishin kamfani ba, ƙofar da allon yake ita ya sani. Don haka kafin a kafa tsani, a tambayi wakilin kamfanin wa zai biya, kuma ya rubuta ya sa hannu.

Kada dai a ce mun ɗora wa hukuma laifi duka. Wasu allunan namu haɗari ne. Ana dasa su a kan kwana su tare wa mai babur gani, ana ɗaure su a jikin falwayar lantarki, ana kafa ƙarfe a cikin magudanar ruwa, da damina iska ta fizge kwano ta jefa kan mutane. Irin waɗannan ko an biya kuɗi hukuma tana da ikon cire su. Haka masu tallan magani da ke alƙawarin warkar da cuta goma da kwalba guda: a Najeriya tallan magani sai da amincewar hukumar NAFDAC, kuma rasit ɗin ƙaramar hukuma ba ya maye gurbinta.

Abin da muke roƙon hukumomin ɓangarorin biyu shi ne su liƙa farashi a ƙofar kasuwa, da Hausa, kowa ya karanta ko a karanta masa. A Nijar ma tun watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, to bai kamata takardar haraji ta tsaya a Faransanci kaɗai ba. Kuma a riƙa ba da wa'adi kafin a cire allo, domin kafinta da mai walda da mai fenti duk kuɗi suka ci.

Shi kuma ɗan kasuwa, in aka zo karɓa ya nemi ganin katin aiki, ya sa a auna allon a gabansa, kada ya yarda da ƙiyasin ido. Ya duba rasit ɗin yana da lamba da hatimi da shekara, kuma adadin da aka rubuta shi ne wanda ya bayar. Mai shago a Ƙonni da kuma Illela ya ajiye na sefa dabam, na naira dabam, ya ɗauki hoton kowanne a wayarsa, saboda takarda a aljihun tebur ɓera da gara ba sa barin ta ta kai ƙarshen shekara.