Karura: Dajin da Sawun Jama'a Ya Ceto

(SAUTI: kukan tsuntsaye da asuba, da ƙugin motoci daga nesa)

 Yau a Nairobi za mu yada zango, babban birnin ƙasar Kenya. Ku gyara zama, domin daji za mu shiga, dajin da gidaje da tituna suka kewaye ta ko'ina.

Sunansa Karura. Yana arewacin birnin, faɗinsa ya haura hekta 1,000, kuma tun 1932 Turawan mulkin mallaka suka keɓe shi a matsayin gandun daji. Ta wani gefe yana maƙwabtaka da unguwar masu hannu da shuni ta Muthaiga da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya na Gigiri. Ta wani gefen kuma ga Huruma, unguwar talakawa mai rumfunan kwano. Ku riƙe sunan Huruman nan, za mu dawo kanta.

A 1998, zamanin Shugaba Daniel arap Moi, aka wayi gari an yanka wasu sassan dajin an raba wa masu gina gidaje a asirce. Marigayiya Farfesa Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt a 1977, ta ce ba za ta saɓu ba. Makaminta dashe ne da ruwan ban-dashe. Ranar 8 ga Janairun 1999 ta isa bakin dajin da mutanenta za su dasa itace, sai 'yan daba da aka ɗauko gadi suka far musu da kulake da bulala, suka rotsa mata kai. Ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga, duniya ta yi ca, daga ƙarshe aka dakatar da gine-ginen. A 2004 aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. An kori masu gini, sai daji ya zama maɓoyar 'yan fashi. Mutanen Nairobi suka riƙa jin sunan Karura suna kama baki, domin har gawarwaki ake yarwa a ciki. Masu kafa tarko suna kama gada, masu gatari suna sare itatuwa. Mutumin kirki ya ƙaurace, mugu ya samu fili. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

(SAUTI: takun ƙafafu a kan busasshen ganye)

Gyaran ya soma ne daga doka. A 2005 Kenya ta yi dokar gandun daji da ta ba maƙwabtan daji damar kafa ƙungiya su shiga cikin kula da shi. A 2009 aka kafa ƙungiyar Abokan Dajin Karura, ta haɗa hannu da hukumar gandun daji ta ƙasar. Suka tara kuɗi aka kewaye dajin da shinge mai lantarki, aka bar ƙofofi ƙididdigaggu. Sannan suka yi abin da ya fi shingen muhimmanci: suka shiga Huruma suka ɗebi matasa aikin sintiri, mata kuma aikin nome ciyawar lantana mai shaƙe ƙananan itatuwa, da dasa itatuwan ƙasar. Wanda ya san kowane lungu saboda jiya ya ɓuya a ciki, yau shi ne mai gadinsa, da albashi.

Daga nan aka buɗe ƙofa. Tsawon shekaru, shilin 100 babba ɗan ƙasa ya riƙa biya ya shiga, kuma da wannan kuɗi aka riƙa biyan masu sintiri da gyaran hanyoyi. Akwai hanyoyin ƙafa da na keke sama da kilomita 50. Akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse mai tsayin kimanin mita 15, ga kogunan dutse da aka ce mayaƙan Mau Mau sun ɓuya ciki lokacin gwagwarmayar neman 'yanci. Ranar Asabar da Lahadi za ka ga masu gudun motsa jiki, da iyalai da tabarminsu, da 'yan makaranta a jere bayan malaminsu.

Masu sauraro, a nan ne gizo ke saƙar. Mutanen da suka kori ɓarayi da yawansu, yawan nan nasu yana iya korar dabbobi. Dajin gida ne ga mazo da gada da aladen daji da beguwa, da birai, da tsuntsaye wajen iri 200.

Mu ɗan tsaya mu dubi gada. Ga ta nan a bakin hanya da sanyin safiya, ja-ja, ba ta kai akuya ba, kunnuwa a tsaye. Ta ɓoye ɗanta a cikin ganyaye ta fito kiwo. Mai gudu ya wuce, ta ɗaga kai ta dube shi, ta ci gaba da cin ganye, domin ta saba mutum ba ya barin hanyarsa. Amma bari wani ya kwance wa karensa igiya. Cikin ƙiftawar ido kare ya kutsa kurmi, uwa ta yi gabas, ɗa yana kwance ba mai tsaro. Maigidan kare ya koma gida yana cewa ai wasa ne kawai. Gada kuwa wunin ranar nan ba ta da kiwo, ba ta da kwanciyar hankali.

Shi ya sa dokokin Karura suke da ma'ana ɗaya bayan ɗaya. Kare sai da igiya, sai a wuraren da aka ware masa. Ba a sauka daga hanya, saboda sawu da yawa yana daddale ƙasa, tsiro ya kasa fitowa. Ba a ba biri abinci, domin birin da ya saba da ayabar hannu gobe shi zai fizge jakar yaro. Ba a shiga da robar ruwa ta sha-ka-yar, kuma tun watan Yunin 2020 gwamnatin Kenya ta haramta irin waɗannan robobi a duk gandun dajinta. Wurin cin abinci daban, wurin taro daban. Babbar doka kuwa ita ce ta lokaci: ana buɗe ƙofa da ƙarfe shida na safe, da almuru kowa ya fita. Rana ta mutane ce, dare na masu gida.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Ku ɗaga kai sama. Daga 2014 aka soma kawo biran kolobas, baƙaƙe masu farin gashi kamar sun yafa alkyabba, daga yankin Nyandarua inda gonaki suka cinye musu daji. Sun zauna, sun hayayyafa.  Ganin jaririnsu fari fat a ƙirjin uwa, mutane na wucewa ta ƙasa, ya ishe mu shaida.

Har yanzu dai da sauran rina a kaba. A ƙarshen 2024, da aka ga ana sare itatuwan turare a dajin, jama'a sun yi ta ƙorafi, hukuma ta ce baƙin itatuwa take cirewa don ta dasa na ƙasar. A watan Agustan 2025 kuma saɓani ya tashi tsakanin hukumar da ƙungiyar Abokan Karura kan wa zai karɓi kuɗin ƙofa. Abin lura a nan shi ne yadda mutanen gari suka yi tsaye a kan maganar. Wanda ya koyi tuƙa keke a ƙarƙashin itatuwan nan, ko ya taɓa haɗa ido da gada, ba ya jin ƙarar zarto ya yi shiru. A 1999 mutane ƙalilan ne suka tsaya a bakin dajin da dashe a hannu. Yau dubbai ne, kuma buɗe ƙofa ne ya haife su.

Don haka idan Allah ya kai ku Karura, ko wani kurmi da al'umma ke riƙo, ku shiga, ku kai yaranku. Ku dai tuna baƙi ne ku: ku bi hanya, ku sassauta murya, ku fita da shararku, ku bar wa masu gida darensu.

(SAUTI: zubar ruwa a kan dutse, yana raguwa a hankali)

A nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya.