Abin da Ya Ɗauke Rufin Ɗakin Kawu

Da asuba aka tsinci rufin ɗakin Kawu a wata gona yamma da Achilafiya, a kife, kwano da katako duk a haɗe, kamar an ɗauke faifai daga kan ƙwarya. Bai shekara da bugawa ba. A cikin gidan kuwa, tsohon ɗakin ciyawar Iya, wanda kowa ke cewa damina ɗaya ta rage masa, yana nan tsaye abinsa.

Na iso daga Kazaure da hantsi. Sai da na fara shiga maƙwabta, domin wani fallen kwano da ya ɓalle ya sari ƙaramin yaronsu a kafaɗa lokacin da uwarsa ta fito da shi a guje. An tafi da shi asibiti. Ita kuwa na same ta zaune bakin murhu, jini ya bushe a zanenta, ana mata sannu ba ta amsawa.

"Guguwa ce, ɗana," in ji Kawu. "Mai iskokai. In ba haka ba, me zai sa ta zaɓi nawa ta bar na Iya?"

Ban yi masa musu ba, amma zancen bai kwanta mini ba. Guguwar da muka sani da rana tsaka take tashi a bazara, sama fes, ta yi wasa da ƙura da ledoji ta mutu. Wannan kuwa bayan isha'i ta zo, da walƙiya a gabas, kuma kowa ya ce wani sanyi ne ya fara bugo su kafin ɗigon ruwa na farko.

Akwai dai babbar yayar guguwa, wadda ke saukowa daga cikin hadari kamar mazurari tana juyawa. Irinta ce ta kashe kimanin mutum 1,300 a Bangladesh ranar 26 ga Afrilu, 1989. Ko ita ce ta biyo ta nan?

Na bi sawu. Darbejiya uku a bakin hanya sun tumɓuke, saiwa na kallon gabas, kai na kallon yamma. Dangar kara ta kwanta yamma. Rufin ma yamma. Iskar da ke juyawa ba ta barin kaya a jere haka, watsa su take, wani ya gicciye wani. Da irin wannan karatun sawu ne Tetsuya Fujita, masani ɗan Japan da ya koyar a Shikago, ya gano wata iska dabam. Bayan faɗuwar wani jirgin sama a New York a watan Yunin 1975, ya nuna cewa iska mai sanyi da nauyi kan zubo daga cikin hadari, ta daki ƙasa, ta bazu da gudu kamar ruwan da aka sheƙa daga bokiti. Sanyin nan da mutane suka ji ke nan. Hadarinmu na Mayu da Yuni daga gabas yake tafiya zuwa yamma, yana tura wannan iska a gabansa.

To, an gane ɓarawo. Saura yadda ya shiga.

Iskar da ta bugo daga gefe ai bango ya kamata ta tura. Yaya aka yi rufi ya tashi sama? Ina tsaye ina wannan tunani sai idona ya kai kan ƙyauren ɗakin: sakata ta lanƙwashe, ƙyauren ya faɗa ciki. Ƙofar gabas take kallo, Kawu ya juya ta ne don ta fuskanci titi. Da ƙyauren ya ɓalle, iska ta cika ɗakin ba ta da mafita, ta yi ta tura kwanon daga ƙasa, yayin da wadda ke wucewa ta bisa take zuƙarsa. Na sa tsani na duba kan bangon. Ba langalanga ko ɗaya da aka binne a gini don ɗaure katakon. Ƙusoshi ne kawai cikin bulo, ramukansu na nan a jere, zurfinsu ko yatsa bai kai ba.

Ɗakin Iya zagayayye ne, iska ba ta samun lungun kamawa, ciyawa kuma tana barin ta ta ratsa. Ƙofarsa yamma take kallo, yadda magina na dā suka saba, su da ke ƙara wa bangon gabas yaɓe don sun san ta inda ruwa ke duka.

Na kira Kawu ya hau tsanin da kansa. Ya daɗe yana shafa ramukan ƙusar nan bai ce komai ba. Da ya sauko, ya aika a kira magini a toshe ƙofar gabas, shi kuma ya sa hularsa ya nufi asibiti duba yaron.