Alamun Zomo da Kurciya a Gona

Idan an gama girbi, an kai amfanin gona gida, iskar hunturu ta fara kaɗawa, to, lokacin farauta ya yi a ƙasar Hausa. Sai ka ga samari sun fito da karnuka da kere da sanduna, sun nufi bayan gari. Waɗansu su kan yini suna yawo, su komo da yamma ba su sami kome ba sai ƙaya da ƙishirwa. Amma da wuya ka rasa wani dattijo a ƙauye wanda ba ya gudu, ba ya ihu, in ya fita kuwa ba safai ya kan komo hannu wofi ba. Yara su kan ce asiri gare shi. Asirin nasa kuwa bai wuce wannan ba: tun kafin ranar farauta ya riga ya je ya duba gonar, ya san abin da ke shiga cikinta, da lokacin da ya ke zuwa, da hanyar da ya ke bi.

Ba dabbar da za ta ratsa gona ba ta bar shaida ba. Ko dai ta bar sawu, ko kashi, ko gashi, ko ragowar abin da ta ci. Wanda ya iya duban waɗannan abubuwa kamar mai karanta wasiƙa ne. Yau za mu koyi kaɗan daga cikin wannan karatu, mu fara da zomo.

Da farko sai ku san zomo iri 2 ne. Akwai na gida wanda a ke kiwo cikin keji. Shi asalinsa daga Turai ne, wajen ƙasar Sifen, kuma shi ne mai haƙa rami. In kun taɓa sakinsa a tsakar gida kun ga yadda ya ke ɓarke gindin katanga. Zomon dajinmu kuwa ya fi shi dogayen kunnuwa da dogayen ƙafafu, kuma ba ya haƙa rami. Saboda haka yaron da ya tsaya a bakin rami a gona yana jiran zomo ya fito, ɓata lokacinsa ya ke yi. Ramin nan na gafiya ne, ko na kurege, ko na ɓera. Sau da yawa ma mai ramin ya daɗe da tashi, maciji ya gaje shi. Kada ku kuskura ku zura hannu cikin ramin da ba ku ga ƙarshensa ba, don kububuwa da kasa ba su yin sallama.

To, ina zomo ya ke kwana? Da dare ya ke kiwo, da rana ya kwanta a bisa ƙasa, cikin ɗan gurbi wanda ya gyara da jikinsa. Ku duba gindin sabara, ko kalgo, ko tushen gamba, ko kwarin kunya inda ciyawa ta rufe. In kun ga wani ɗan loko mai tsawo, ciyawar wurin ta kwanta lub, ga 'yan silin gashi masu launin ƙasa sun maƙale, to, makwancin zomo ke nan. Ya kan lafe a nan ya kwantar da kunnuwa bisa baya, launinsa ya saje da busasshiyar ciyawa. Mutum ya kan wuce shi da taku 3 ko 4 bai gan shi ba. Sai ya ga an kusa taka shi, sa'an nan ya yi wuf ya tashi, yana gudu yana kakkarkacewa, har karnuka su riƙa wuce shi suna komowa. Shi ya sa Hausawa ke cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Sawunsa yana da abin mamaki, ya kan ruɗe wanda bai sani ba. In zomo na tsalle, ƙafafun gaba su ke fara sauka, ɗaya a bayan ɗaya. Sa'an nan ƙafafun baya su zo su wuce su, su sauka a gabansu, suna jere gefe da gefe. Watau abin da za ku gani a rairayi shi ne manyan sawu 2 dogaye a jere, a bayansu kuma ƙanana 2, ɗaya na bin ɗaya. Yaro ya kan ce, "Ai ga ƙafafun baya can, ashe nan ya nufa." Sai ya juya wa zomo baya, ya bi hanyar da ya fito. Ku riƙe wannan da kyau: inda manyan sawun su ke, can ne gaba. In tsakanin tsalle da tsalle gajere ne, kiwo ya ke yi a natse, watakila ma makwancinsa ba nisa. In kuwa tsallen ya yi tsawo, ƙasa ta fantsama, to, wani abu ne ya koro shi. Ku duba kusa, kwa ga sawun kare ko na dila.

Kashin zomo 'yan ƙulla-ƙulla ne kewayayyu, ba nauyi. In kun farfasa ɗaya da tsinke za ku ga duk guntayen ciyawa ne, kamar dusa. Na akuya ya fi shi baƙi da santsi, yana da ɗan tsawo, galibi da ɗan tsini a gefe ɗaya. Sabon kashin zomo yana da duhu da ɗan danshi, wanda ya kwana biyu kuwa rana ta ƙona shi ya yi fari-fari. In duk abin da kuka gani farare ne, zomon ya sauya wurin kiwo.

Akwai wata alama da ta fi waɗannan duka amfani ga manomi, ita ce yankan haƙori. Zomo yana da kaifafan haƙoran gaba sama da ƙasa, kullum tsiro su ke yi, ba su daina girma. In ya ci kan wake, ko gyaɗa, ko latas da kabeji a lambu, sai ka ga karan ya yanku sumul a karkace, kamar an sa aska. Akuya da tunkiya kuwa ba su da haƙoran gaba a sama. Ku buɗe bakin akuyarku ku gani, dasashi ne kawai mai tauri a wurin. Saboda haka su fizga su ke yi, su bar ganye a yage, kara a tsattsage. Har wa yau zomo daga ƙasa-ƙasa ya ke ci, akuya ko ta kan miƙa wuya, har ta ɗaga ƙafafu ta kai sama.

Wannan ba ƙaramin sani ba ne. Mutum ya kan zo lambunsa da safe ya tarar an yi masa ɓarna, ga akuyar maƙwabci na kiwo nesa kaɗan. Kafin a ce haka an kama akuya, an yi cacar baki, magana ta kai gaban mai unguwa, zumuncin shekaru ya ɓaci. Alhali da ya sunkuya ya dubi bakin karan nan, da ya ga mai laifin na can kwance gindin sabara.

In kun tsinci ɗan zomo shi kaɗai cikin ciyawa, kada ku ce uwarsa ta yashe shi. 'Ya'yan zomon gida ne a ke haifa tsirara, idanu a rufe har wajen kwana 10. Na daji da gashinsu a ke haifarsu, idanu a buɗe. Uwar ta kan bar su a ɓoye, ta yi nesa da su don kada ta jawo musu abokan gaba, sai dare ya yi ta zo ta ba su nono. Ganin ƙanana a wuri alama ce ga maharbin kirki ya ƙyale wurin. Wanda ya kashe uwar bana, shi ya kashe farautar baɗi.

Yanzu sai mu ɗaga kai mu dubi tsuntsaye. Kurciya tana da dangi da yawa. Akwai ƙaramar nan mai jaja-jajan ƙirji wadda ke shigowa har tsakar gida. Akwai bardo, ɗan siriri mai dogon bindi, namijinsa da baƙar fuska. Akwai kuma hasbiya, babbarsu, wadda ta kai girman tattabara. Ita a kan gane ta da jan da ya kewaye idonta, da ɗige-ɗigen fari bisa fikafikai.

Dukansu tafiya su ke yi a ƙasa, ƙafa bayan ƙafa, ba su tsalle kamar gwara. Don haka sawun gwara bibbiyu ya ke a jere, na kurciya kuwa ɗai-ɗai ne, yana tafe yana lanƙwasa kamar zaren da aka yar. Kowane sawu yatsu 3 a gaba, 1 a baya. Kurciya ba ta tono da ƙafa irin na kaza. Abin da ya zube a bisa ƙasa shi ta ke tsinta. In kun ga an barbaza ƙasa an tone iri bayan shuka, ku tuhumi fakara, ko zabon daji, ko kurege. In kuma zangarniyar gero ce aka tsattsage tun tana tsaye, galibi aikin jan-baki ne da 'yan'uwansa ƙananan tsuntsaye masu zuwa garke-garke. Wurin kurciya shi ne masussuka, da gindin tarin dawa, da hanyar da aka bi da dammuna hatsi na zuba.

Abinci ba shi kaɗai ke nuna inda ta ke ba. Mai cin busasshen hatsi ba ya rabuwa da ƙishirwa, saboda haka kurciya ta kan nemi ruwa kullum, musamman da hantsi da kuma yamma. Ku je bakin tafki, ko kududdufin da bai ƙafe ba, ku dubi laka. Shan ruwanta ma dabam ne. Kaza ta kan ɗebi ruwa ta ɗaga kai ta haɗiye, amma kurciya tsoma baki ta ke yi ta zuƙa har ta ƙoshi, sa'an nan ta ɗago.

Inda su ke kwana kuwa ƙasa ce ke tona musu asiri. In kun zo gindin itace kun ga kashin tsuntsu ya taru, fari da baƙi, ga 'yan gashin fikafikai masu toka-toka a warwatse, ku ɗaga kai. Hasbiya na son giginya ƙwarai, da duwatsu, da rufin manyan gine-gine. Kurciya ta fi son itatuwa masu ƙaya. Sheƙarta 'yan tsinkaye ne jefi-jefi, har mutum na iya hangen ƙwai daga ƙasa, farare guda 2. Amma gashi mai yawa da ya taru wuri guda ba makwanci ya ke nunawa ba. Wannan shaho ne ya fige abincinsa, ko muzuru. In gindin gashin lafiya lau ya ke, tsuntsu ne ya fige. In an tattauna shi ya gutsure, mai haƙori ne. Wanda ya san makwanci, ya san wurin ci, ya san mashaya, to, ya san hanyar da za su bi a sama safe da yamma, don ba su cika sauya ta ba sai an dame su.

Amma fa a duba da kyau kafin a ɗana tarko ko a ja danƙo. Tattabarun mutane su ma su kan sauka gona su yi kiwo tare da hasbiya, tattabara kuwa dukiyar mai ita ce. Sa'an nan akwai wata baƙuwar kurciya mai zane-zanen baƙi da fari a gefen wuya, bayanta ja-ja kamar an jera ɓawon kifi. Ita a Turai ta ke ƙyanƙyasa, ta ƙetare teku da Hamada ta zo ta yi rani a ƙasashenmu, har wajen fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi. Yawanta ya ragu ƙwarai, har a 2015 masana suka sa ta cikin jerin tsuntsayen da a ke tsoron ƙarewarsu. Irin wannan baƙuwa kallo ya kamace ta.

Ba kowane wuri a ke farauta ba. Gona tana da mai ita, sai an nemi izninsa, balle in akwai rogo ko kayan lambu a ciki. Gandun daji irin na Yankari a Jihar Bauci, wanda aka keɓe tun 1956, an hana farauta cikinsa sam. Yaro kuma ba ya fita shi kaɗai, sai tare da babba. Mafi munin al'ada ita ce cinna wa daji wuta don a kori zomo guda. Wutar ta kan cinye harawa da karan da dabbobi za su ci da rani, ta ƙone ƙananan itatuwa, wani lokaci ta haɗa da rumbunan mutane. Galibi wanda bai iya duban sawu ba shi ke neman ashana.

Lokacin da ya fi kyau a fita dubawa shi ne da sassafe, kafin shanu su fito su tattake wurin, kafin kuma iska ta tashi ta share. Hasken rana na kwance a lokacin, kowane ɗan loko da inuwarsa, sai sawu ya fito sarai. Sabon sawu bakinsa da kaifi. In gefensa ya zube, ko tururuwa ta ratsa ta cikinsa, ya daɗe. Ku yi tafiya a hankali, iska na busowa ta fuskarku, don in ta bi ta bayanku za ta kai wa zomo warinku da motsinku tun kuna nesa.

Ga wani abu da za ku iya gwadawa ko ba ku da kare ba ku da kere. Da la'asar ku sami wuri mai rairayi a gefen gona ko lambu, inda kuka ga kamar 'yar hanya ta ratsa shinge. Ku share shi da tsintsiya, faɗin taku 2, tsawon taku 2, ya yi sumul. Ku watsa ɗan tsaba a gefe ɗaya, ku aje ganyen wake ko na latas a ɗaya gefen. Gobe da sassafe ku komo da takarda da fensir, ku tsuguna daga waje kada ku taka, ku zana duk abin da kuka gani daidai girmansa. Ku kawo wa malam zanen, a jera na kowa a bango, 'yan aji su faɗi baƙin da suka ziyarci kowace gona da dare, da inda kowannensu ya nufa.