Shin Ko Kun San Wa Ya Kashe Tsoho Karamazov?

Shin ko kun san cewa a littafin 'Yan'uwan Karamazov, wanda marubucin Rasha Dostoyevski ya kammala a 1880, kotu ta ɗaure wanda bai yi kisa ba? Dmitri, babban ɗan Fyodor Karamazov, shi aka yanke wa shekara 20 ta aikin wahala a Saiberiya bisa zargin kashe mahaifinsa.

Shaidu kam sun yi masa katutu. Shi da uban mace ɗaya suke nema, Grushenka, ga rigimar gado a tsakaninsu. Daren da abin ya faru ya haura katangar gidan da 'yar tabaryar tagulla, ya rotsa wa tsohon baran gidan, Grigori, kai. An ga Dmitri jina-jina da damin kuɗi a hannu, alhali rubul 3,000 sun ɓace daga ɗakin mamacin. Sai kuma Katerina, wadda aka yi musu baiko, ta fito da wasiƙar da ya rubuta cikin maye yana cewa zai kashe uban. Nan magana ta ƙare masa.

Shin ko kun san mai kisan yana cikin gidan? Smerdyakov ne, kukun tsohon, wanda ake raɗe-raɗin ɗansa ne na gaba da Fatiha. Yana da farfaɗiya, sai ya yi farfaɗiyar ƙarya a ranar don kowa ya ɗauke ido daga kansa. Da ƙarfen danne takardu ya fasa wa tsohon kai. Ya faɗa wa Ivan, ƙanen Dmitri, komai, ya miƙa masa kuɗin, sannan ya rataye kansa ana gobe shari'a.

A nan ne masu karatu suka rabu, kuma nan ne zuciyata ke tsayawa. Ivan bai taɓa uban da ko yatsa ba. Amma shi ya cusa wa Smerdyakov ra'ayin cewa in babu lahira babu abin da ya haramta. Kukun ya yi masa hannunka-mai-sanda cewa wani abu zai faru, Ivan ya gane, ya tattara kayansa ya tafi Mosko. A ganina hannun Ivan bai fita daga jinin nan ba, ko da yake babu alƙalin da zai iya ɗaure shi. Shi ma ya sani: ya miƙe a kotu ya ajiye kuɗin ya ce shi ya sa a yi, amma zazzaɓin ƙwaƙwalwa ya riga ya ci ƙarfinsa, aka ɗauke shi marar hankali aka fitar da shi.

Shin ko kun san labarin Dmitri yana da tushe a zahiri? A kurkukun Omsk, inda Dostoyevski ya yi zama daga 1850 zuwa 1854, ya haɗu da wani tsohon hafsan soja, Ilyinski, da aka ɗaure kan kisan uba. Sai da ya shafe kusan shekara goma a ɗaure aka gano ba shi ya yi ba.