Kifi Ne Mai Ba Da Shaidar Ruwa

Manoman rani na ƙasar Ungogo da yawa da ruwan Jakara su ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo. Ruwan nan kuwa daga cikin birnin Kano ya ke fitowa, ya kwaso dattin gari. A gaba kuma rafin Getsi ya zubo masa na masana'antun Bompai, har da ruwan jima mai ɗauke da wani ƙarfe da a ke kira kuromiyam. Daga nan sai madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir, wadda aka gina a 1976.

To, yaya manomi zai gane ruwa ya ɓaci, alhali ba shi da na'urar awo? Sai ya lura da kifi.

Karfasa, watau gargaza, gansakuka da ƙananan tsiro ta ke ci. Idan datti ya yi yawa, ruɓewarsa takan cinye iskar da ke cikin ruwa. Sai karfasa ta rage cin abinci, ta taso sama da asuba tana buɗe baki. Wannan alama ce ta farko.

Tarwaɗa kuwa tana iya shaƙar iska daga sama, sabo da haka takan rayu inda sauran kifaye suka ƙare. Kada ganinta ya ruɗi mutum. Idan masunta sun wayi gari tarwaɗa kaɗai su ke kamawa, lalle ruwan ba lafiya. Ga shi kuma a taɓo ta ke kiwo, inda gubar ƙarfe ta ke kwantawa, ta taru a hantarta.

Abin ba wasa ba ne. A Minamata, wani gari na bakin teku a ƙasar Japan, wata masana'anta ta riƙa zuba zaiba a ruwa. Kyanwoyin da suka ci kifin suka haukace, a 1956 kuma aka gane cutar a jikin mutane.

Don haka, kifin da aka tarar ya mutu yana yawo, kada a ci, kada a kai kasuwa. Dafuwa da suya ba su fitar da gubar ƙarfe. Mai hali ya haƙa rijiya nesa da rafin don ban-ruwa. Wanda ya ga alamun nan kuwa, ya gaya wa malamin gona da dagaci tun da wuri, gama rigakafi ya fi magani.