Ambaliya, Gudawa da Ɗigon Jarirai

A watan Satumba na 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri, ya cika masai ya tumbatsa cikin rijiyoyi, jama'a kuma suka cunkushe a makarantu da sansanoni, ba a yi wata guda ba sai hukuma ta yi shelar ɓullar kwalara a Jihar Borno. Ita kwalara annoba ce mai amo, domin takan kayar da magidanci cikin yini ɗaya, shi ya sa hankali ke komawa kanta. Alhali kuwa akwai wata gudawar da ke ɗauke jarirai a goye ba tare da an yi mata shela ba, wadda sababinta ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira rota, wadda Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano a Ostareliya a 1973.

Sha'anin wannan ƙwaya abin lura ne ƙwarai, gama ko an tafasa ruwa an tace, takan bi hannu da ƙwarya da tabarma ta isa bakin yaro, maganin kashe ƙwayoyin bakteriya kuwa ba ya taɓa ta. Sai ka ga jariri ya fara da amai da zazzaɓi, zawo ya biyo baya kamar ruwa, idanu su zurma, maɗiga ta faɗa, uwa na cewa haƙori ne, har jiki ya bushe. Ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink su ne ke ceto a wannan hali, idan an gaggauta, kuma ba a daina shayarwa ba.

Amma rigakafi shi ne asali. Nijar ta fara ba da shi a 2014, Nijeriya a Agustan 2022: ɗigo ne a baki, a Nijeriya sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta. Haƙiƙa ba ya hana kwalara, ba ya kuma maye gurbin tsafta, sai dai yana rage tsananin cutar rota matuƙa. Abin da ke damuna shi ne, ambaliya kan rushe ɗakin shan magani ta kuma tafi da katin yaro; saboda haka wajibi ne a kan mahukunta su bi jarirai har sansani da ɗigon, iyaye kuma su kai su ko da kati ya salwanta.