CADILLAC FLEETWOOD: ƘASAITAR DA TSADAR MAI TA RAGE

A shekarar 1976, idan ana zancen motar manya a ƙasar Amurka, Cadillac Fleetwood Brougham ake nufi. Kamfanin General Motors ne yake ƙera ta a birnin Detroit. Tsawonta ya kusa mita 6, nauyinta ya haura tan 2, injinta kuwa mai silinda 8 ne, girmansa lita 8,2. Attajiri yakan kishingiɗa a kujerar baya, ya ɗora ƙafafu bisa matashin da aka tanadar masa.

Amma wannan daula ba ta samuwa sai da esansi mai yawa: a cikin gari motar tana shan wajen lita 20 a kilomita 100. Muddin mai yana araha, masu ita ba su damu ba.

A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka tsaida sayar wa Amurka, farashin ganga ya ninka wajen sau 4. A 1975 gwamnatin Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanoni ƙera motoci masu tsimin mai.

Saboda haka a 1977 aka rage wa Fleetwood tsawo da santimita 30, aka sa mata injin lita 7. Daga 1996 ba a sāke ƙera ta ba.

Darasin a fili yake: mai sayen mota ya fara lissafin abin da za ta sha kafin ya dubi girmanta.